Mutum Uku a Ƙarƙashin Tebur

Tun da Baba Tizhe ya dawo Mubi a farkon 2015, bayan sojoji sun kori 'yan Boko Haram daga garin, aikin ɗinki ya gagare shi. In babur ya wuce ko ƙofar kwano ta bugu, sai dai a nemo shi a bayan keken ɗinki, ya lulluɓe kai da yadin mutane. Matarsa Alice ta kai shi addu'a, ta kai shi kemis, daga ƙarshe ta ja shi wani ajin firamare inda wata ƙungiyar agaji ta ajiye masu warkar da damuwa da baki.

Su biyu ne, an yi musu horon 'yan makonni a Yola, wanda ya ishe su raina juna. Jonathan ya yi imani cewa duk ciwon zuciya daga yarinta yake tasowa. Adawiyya kuwa ta ce mugun tunani ne ke wahalar da mutum, a gyara tunani kowa ya huta.

Jonathan ne ya fara. "Baba, kwanta kan bencin nan ka ba ni labarin mahaifiyarka. Ta taɓa dukan ka?"

"Har da muciya. Amma ɗana, ba ita ta shigo gari da bindiga ba."

Jonathan ya gyaɗa kai irin na manyan likitoci. "Ka ji ko? Wannan shi muke kira gudun gaskiya."

Da aka sake zama, Adawiyya ta karɓe shi. "Baba, in ka ji ƙara, me ke zuwa ranka?"

"Sun dawo."

"To wace hujja gare ka cewa za su dawo?"

"'Yata, wancan karon ma a rediyo aka ce mu kwantar da hankali. Da hankalin a kwance na taka har Kamaru."

Ta ce ya rufe ido, ya ja numfashi, ya tuna wuri mai daɗi. Ya tuna gonarsu ta Duvu. Nan ne kuma ya rabu da ƙaninsa Levi ranar gudu, har yau ba labarinsa. Ya buɗe ido ya ce ya gode, daɗin da ya ji ya isa haka.

Ranar zama na gaba malaman suka manta da mara lafiya, suka kama musu a kansa. Jonathan na cewa sai an tono saiwa, Adawiyya na cewa kafin ya gama tono Baba ya tsufa. Suna cikin haka tayar wata tirela ta fashe a bakin titi.

Baba Tizhe ya yi tsalle zuwa ƙarƙashin tebur, sai ya tarar an riga shi. Jonathan ya dunƙule yana kiran Yesu, Adawiyya na salati, ta riƙe ƙafar tebur gam.

"Ɗana, matsa min," in ji Baba. "Ko kai ma mahaifiyarka ce?"

Ba wanda ya yi dariya. Jonathan ya ce ranar da aka shigo gari daga ɗakin kwanan ɗalibai ya fita ta taga, abokinsa bai fito ba. Adawiyya ta ce ita ta goya kakarta suka tsallake kogi, kuma har yanzu da takalmi take barci. Baba ya faɗi yadda Levi ya ce zai koma ya kwance awaki, shi kuma Baba ya ce masa ya yi sauri. Bai taɓa gaya wa kowa ba, ko Alice.

A haka Alice ta leƙo ta same su. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya. "Baban Ruth, a cikinku wa ke duba wa?"

Daga ranar suka ture benci, suka riƙa zama su uku a tabarma, sannu a hankali wasu suka shigo: mai shayi, malamar makaranta, wani direba da ba ya iya bin hanyar Betso. Baba bai daina firgita ba, amma ya daina kunyar ta, kuma kafin damina ya ɗinka wa mawaƙan coci kayansu.

Da manyan ƙungiyar suka zo daga Yola, sun yaba ƙwarai da wannan sabuwar dabara ta zaman rukuni. Jonathan ya ce tunaninsa ne. Adawiyya ta ce ƙarya yake, nata ne. Direban tirelar dai ba wanda ya neme shi.