Inda Auta Yake Zuwa

Tun ranar da matar nan mai jakar goyo ta fara zuwa gidan, Yaya ba ta yarda da ita ba. Wai daga jami'a take, wai bincike suke yi a kan manya masu jinkirin fahimta: yadda suke zama da jama'a, ko suna da abokai, ko rayuwa tana musu daɗi. Yaya ta saurare ta har ƙarshe, ta kawo mata ruwa, ta ce to. A ranta kuwa cewa ta yi, ƙarya kike, yarinya. Ba wanda zai ɗauko ƙafa tun daga jami'a don kawai ya ji ko Auta yana jin daɗi.

Auta ƙanenta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya haura arba'in, furfura ta fara leƙo masa a gemu, amma kansa bai bi shekarunsa ba. Yana magana a hankali, kalma bayan kalma. Yana wanka da kansa, yana wanke kwanonsa, sai dai hanya da sharrin mutane ne bai sani ba. Haka dai Yaya take faɗa wa kowa. Tun rasuwar mahaifiyarsu ita ce uwa, ita ce uba, ita ce ma bakinsa, don ko gaishe shi aka yi, kafin ya haɗa leɓe ta riga ta amsa masa.

Tsoronta ɗaya ne, kada a raba ta da shi. Ta sha jin labarin gidajen da ake tara irinsu a ba su kaya iri ɗaya, dangi sai dai su leƙa ta taga. Kuma ta san abin da za a kama ta da shi. Kullum in za ta tafi gidan burodin da take aiki, sai ta datse ƙofar gida da kwaɗo, Auta yana ciki da rediyonsa. Ba mugunta ba ce. Ya taɓa fita shi kaɗai, aka bi shi da jifa, ya dawo da goshi a fashe. Amma je ka yi wa ɗan boko wannan bayani ka ga ko zai fahimta.

To wa ya kai ƙararta? Nan fa Yaya ta sa layin gaba ɗaya a faranti tana tsinta. Mai kayan miya ta bayan gida, wadda ba ta ƙara wa kowa ko albasa ɗaya, ta daɗe tana mata wata irin gaisuwa mai zaƙi. Mai aski kuwa, mutumin da bakinsa ba ya hutawa ko yana cin abinci, da ya hango ta sai hira ta mutu. Mutane ba sa yin shiru haka kawai. Akwai abin da suke ƙullawa.

Da mai binciken ta dawo karo na biyu, sai ta ƙara wa Yaya zargi.

"Ba a ɗaki za mu zauna ba," in ji ta. "Zagaye za mu yi. Shi zai ja mu, ya nuna min wuraren da yake zuwa. Kina iya biyo mu, Yaya, amma don Allah ki bar shi ya amsa da kansa." Sannan ta juya wajen Auta. "Malam, ka yarda? In ba ka so, shi ke nan, ba dole."

"Ni nake yarda masa," in ji Yaya.

"Na yarda," in ji Auta.

Yaya ta kalle shi kamar kujera ce ta yi magana.

Ranar zagayen ta ɗauki hutu a wurin aiki. Ta fito masa da rigarsa mai kyau, ta taje masa gemu, tana yi tana masa bita.

"In ta ce ina kake zuwa?"

"Kasuwa da Yaya. Asibiti da Yaya."

"In ta ce ana kulle ka?"

Ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa.

"Auta, da kai nake."

"Ba a kulle ni."

"Yawwa." Ta ji ba daɗi, don ba ta taɓa koya masa ƙarya ba. Amma gara ƙarya da a ɗauke mata shi.

Mai binciken ta iso da hantsi, ta maƙala ɗan abin naɗar murya a wuyan rigarta. "Malam, ta ina za mu fara?"

Yaya ta yi maza ta buɗe ƙofar gida wangwam, don a ga ba abin ɓoyewa. Auta ko kallon ƙofar bai yi ba. Ya juya ya nufi bayan gida, ya ratsa ta ƙarƙashin igiyar shanya, ya shige bayan tankin ruwa. Akwai wata tsohuwar ƙofar ƙarfe a wurin, wadda tsatsa ta cinye tun mahaifiyarsu tana da rai. Yaya ta taɓa jijjiga ta har kafaɗarta ta yi tsami, ko motsi ba ta yi ba. Auta ya sa hannu biyu ya ɗan ɗaga ta sama, sannan ya tura. Ta buɗe ba ko ƙara. Duk inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe an shafe shi da baƙin mai.

Yaya ta shafa wurin da yatsa ta duba. A gidanta babu baƙin mai. Wani ne ya ba shi.

Suka faɗa lungu, Auta a gaba yana tafiya irin ta wanda ya san kowane rami. Mai kayan miya tana yayyafa wa ganye ruwa, ta ɗago da fara'a.

"A'a, Injiniya, yau ka makara, har na…"

Ta hango Yaya. Sai ta duƙa tana gyara tumatirin da ba abin da ya same shi.

Injiniya! Wato har sunan tsokana sun laƙa masa. Yaya ta haɗiye abin da ya taso mata, don abin naɗar muryar nan yana kunne. Mai aski ya ɗaga almakashi zai gaishe shi, shi ma ya gan ta, sai ya mayar da hannun kan mutumin da yake yi wa aski kamar dama can ƙeyarsa zai sosa masa.

Suka ɓullo babban titi. Yaya ta miƙa hannu za ta riƙe shi, amma ya riga ya tsaya da kansa, ya jira motoci suka tsagaita, ya tsallaka. A can gefen akwai rumfar mai faci: tsofaffin tayoyi a jibge, injin ba da iska yana tari, ga rabin durom cike da baƙin ruwa. Auta ya cire rigarsa mai kyau ya rataye a wani ƙusa, ya ɗauko wata mai dauɗa a wurin ya saka. Rigar ta zauna masa daidai. Ya ɗauki tub ɗin cikin taya da aka hura, ya danna shi cikin ruwan yana juyawa a hankali, har kumfa ta taso. Ya ɗora yatsa a wurin, ya zana masa alli, ya miƙa wa mai facin, wani dattijo mai tabarau ɗaure da zare.

Nan haƙurin Yaya ya ƙare.

"Wato bautar da shi kuke yi! Ina can gaban wuta tun safe, ku kuna nan kuna wasa da marar lafiya!"

Dattijon ya ajiye abin da ke hannunsa. "Yi haƙuri, baiwar Allah. Da ƙafarsa ya zo. Ya zauna can yana kallo, na kore shi, gobe ya dawo. Na gaji na ce to matso. Kuma a nan ba mai taɓa shi, kowa ya san namu ne."

"Kai ka kai ƙarata?"

"Ƙara kuma? Wajen wa?"

"Yaya, ba wanda ya kai ƙararki," in ji mai binciken. "A asibitin da kike kai shi aka haɗa mu da ku. Ni ba na ɗauke kowa. Tambaya kawai nake yi."

Yaya ta harare ta. Ko gaskiya take faɗa ko ƙarya, wannan kuma sai a gani. Yanzu wani abin ne yake ci mata rai.

"Layi guda kun sani, ni kaɗai ce bare? Me ya hana ku faɗa min?"

Dattijon ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

"Shi ya hana. Ɗaya bayan ɗaya ya bi mu yana roƙo. Ya ce in kin ji za ki kira mai walda ya liƙe ƙofar bayan gida."

Yaya ta buɗe baki za ta ƙaryata, ta kasa, don ta san da ta kira shi ɗin, a ranar ma ba sai gobe ba. Ita da take ta neman mugun da ke zagaye da ƙanenta, ashe daga gare ta ake ɓoye shi. Kunya ta kama ta, da baƙin ciki, da wani kishi da ba ta san inda za ta ajiye shi ba.

Mai binciken ta durƙusa kusa da durom ɗin. "Malam, to me ya sa yau ka kawo mu?"

"Kin ce inda nake zuwa."

"Kana jin daɗi a nan?"

Amsa ta zo wa Yaya har bakin harshe, ta danne ta. Auta ya ɗauki lokacinsa. Ba ta taɓa sanin shirunsa yana da tsawo haka ba, don ba ta taɓa jira ya ƙare ba.

"Ana jirana," in ji shi.

Wata mota ta tsaya da taya a kwance, direban ya leƙo yana kiran Injiniya. Auta ya ɗaga masa hannu alamar yana zuwa. Ya goge tafinsa a riga, ya zo gaban Yaya.

"Yaya, ki je gida. Akwai aiki."

"Kai fa?"

"In an tashi."

Ya kama hannunta da hannunsa mai sanyin ruwa, ya kai ta bakin titi. Ya duba dama, ya duba hagu, ya ce mata ta jira, sannan ya tsallakar da ita har ɗaya gefen. Ya sake ta a bakin lungu ya koma.

Ta tsaya a wurin, motoci suna wucewa tsakaninsu, tana jira ya waiwayo ko sau ɗaya. Shi kuwa ya riga ya durƙusa gaban tayar.