Ƙafar Wa Ce Wannan?

Shafin kamfanin man kaushi ya mutu murus, kuma Auta ce mai riƙe da shi. Kullum sai ta wallafa hoton kwalbar man, yau a kan tawul, gobe kusa da fure, ta ƙawata shi da daɗin baki, ta zauna jiran jama'a. Shiru kake ji, wai an aiki bawa garinsu. Mutum ɗaya ce ba ta fashi, wata mata da ke dangwala zuciya a kowane hoto ta rubuta, "Allah ya sa albarka." Har suna 'yan ofis suka laƙa mata, wai Hajiya Albarka. Auta kan taya su dariya. Ba ta taɓa faɗa musu mahaifiyarta ce ba, balle su san ita ta koya mata latsa wayar.

Ranar nan Manaja ya kira ta, ya juyo mata fuskar kwamfutarsa.

"Kwalba jiya, kwalba yau! Wa zai bar sabgarsa ya tsaya kallon kwalba? Ki sa mutane su yi magana, ko da zagi ne. In shafin nan ya ci gaba da barci, zan nemo mai tashinsa."

Da wannan maganar a ranta ta je gida ƙarshen mako. Ta tarar da Umma ta gama wanki, barci ya kwashe ta a kan tabarma a inuwar baranda, ƙafafunta a miƙe. Kai, ƙafar Umma ta ga duniya! Faso ya tsattsaga dugadugan kamar busasshiyar laka, ga tsohon tabon ƙuna a idon sawu. Auta ta tsaya tana kallo. Da 'yar kirki ce a wannan lokacin, da mai ta ɗauko ta shafa mata. Sai ta zaro waya, ta duƙa a hankali, ta ɗauki hoto.

Ta yi wa kanta huɗuba iri-iri. Ai babu fuska. Ai ƙafa ƙafa ce, wa zai gane? Abu ɗaya ne ya tsaya mata a wuya: Umma ba ta wuce komai a shafin. Nan ta yi dabarar da take ganin ta fi kowa wayo, ta toshe mahaifiyarta daga shafin gaba ɗaya. Da ta koma ofis ranar Litinin, ta ƙara wa hoton haske don tsagar ta fito raɗau, ta rubuta a ƙasa: "Ƙafar wa ce wannan a gidanku? Ku ambato mai ita ya zo ya karɓi magani!"

Kafin a tashi aiki shafin ya cika ya batse. Wani ya ce wannan ƙafar ai ta kankare tukunya ce. Wata ta ce in ta taka katifa sai an kira tela. Wani ya tambaya, mutum ne ko kada? Masu ambaton abokai na yi, masu turawa gaba na yi. Ƙa'idar aikin kuwa ita ce duk wanda ya yi magana a ba shi amsa, don zancen ya ƙara armashi. Haka Auta ta zauna tana bin su ɗaya bayan ɗaya da fuskar dariya mai hawaye, da sunan kamfani. Manaja ya fito yana washe baki, ya ce a tafa mata, aka tafa.

Can ƙasa wata ta rubuta: "Allah sarki. Baiwar Allahn nan ba ta da 'ya'ya ne?"

Wannan kam Auta ta kasa ba ta amsa. Ta kife wayar, ta shiga banɗaki ta wanke fuska, ta daɗe ba ta fito ba.

Washegari Yaya ya kira, ko gaisuwarta bai amsa ba.

"Ke, tabarmar nan mai koren baki ta wace ce? Tabon nan fa?"

"Yaya, wallahi babu fuska…"

"Rufe min baki! Matar maƙwabci ta gane, ta kai wa Umma har gida, ta karanta mata abin da ake faɗa tiryan-tiryan. Har amsoshinki."

Auta ta goge hoton ba tare da ta nemi izinin kowa ba, amma ina! Bakin alƙalami ya riga ya bushe. Ya shiga wayoyin mutane, wasu shafukan ma sun ɗauka sun ɗora nasu barkwancin. Manaja ya yi ta faɗa, wai wace irin wauta ce mutum ya yanka kazar da ke masa ƙwai. Ta sunkuyar da kai kawai. Ko a nan bakinta ya kasa furta cewa uwarta ce.

Da yamma ta nufi gida. Ta so a ce Umma ta tare ta da zagi, ko mari ma, ta huta. Sai ta same ta zaune a baranda tana ninke kaya, ana zafi kamar a gasa mutum, amma ƙafafunta na cikin wata tsohuwar safar Baba mai kauri. Auta ba ta taɓa ganin Umma da safa a tsakar gida ba tun da aka haife ta.

"Auta ce? Sannu da zuwa. Ga ruwa can a randa, bari in miƙo miki."

Ta durƙusa, kunya ta lulluɓe ta har tana jin ina ma ƙasa ta tsage ta shige.

"Umma, don Allah…"

"An ce jama'a sun taru sosai," in ji Umma, tana karkaɗe wata riga. "Ogan naki ya ji daɗi?"

"Ya ji."

"To, madalla. Aikin naki dai ya tsira ko?"

Auta ta gyaɗa kai, hawaye na ɗiga a kan tabarmar nan mai koren baki.

Umma ta laluba ƙarƙashin kayan ta ciro wayarta, ta miƙo mata.

"Duba min wannan abin. Kwana biyu shafin naku ya ɓace min, na nema na rasa, ban samu na sa miki albarka ba. Na ce ko hannuna ne ya danna wani wuri."

Ta ja bakin safar sama, ta gyara ta sosai ta rufe tabon.

"Kuma in wata rana hoton hannun nawa kike so, ki tashe ni tukuna. Sai in wanke."