Furen Dutsen Bilbis

A Karakkai, a shekarun da ake ta raɗe-raɗin Nasara za su jawo layin dogo har Gusau, akwai wani manomi mai suna Jatau, wanda mutanen gari suka kasa gane inda ya sa gaba. Gonarsa lafiya lau, gero da dawa kamar ta kowa. Abin mamakin yana bayan rumbunsa. Fasassun tukwane ne jere, kowace da tsiron da ba a ci, ba a kuma kai shi kasuwa. Akwai karan masallaci, akwai tinya mai ƙaya, akwai waɗanda shi kansa bai san sunansu ba, ya dai tono su daga tsagar dutse ya kawo gida. Maƙwabta suka ce gadali yake kiwo, irin wanda ake ajiyewa don asiri. Da suka ga shekaru sun tura bai yi arziki ba, bai kuma tsiyata kowa ba, sai suka bar shi da abinsa.

Cikin tukwanen akwai wadda ya fi ji da ita. Wata 'yar itaciya ce da ake kira kariya, gindinta a kumbure kamar tulu, rabi a ƙasa rabi a waje, da rassa kaɗan a sama kamar yatsun hannu. Kowa a ƙasar ya san irinta da jan fure a tsakiyar rani. Amma wannan abokinsa Buba ne ya kawo masa, wani Bafillace da ke sauka da shanunsa a gonar Jatau bayan an kwashe amfani. Ya ce a kan wani dutse bayan Bilbis ya cire ta daga gindin uwarta, kuma furen uwar fari ne fat kamar nono.

"Kai dai Buba, komai ka gani sai ka ce nono," in ji Jatau.

"To, Kaɗo, ka jira ka gani da idonka."

Idon ne kuwa matsalar. Yanar ido ce ta fara rufe wa Jatau idanu, irin wadda ta makantar da mahaifinsa. Da farko fuskar mutum ce ta daina fita in yana nesa, sai muryar ta gaya masa ko wane ne. Daga baya ya koma ba ya bambanta tsakuwa da ƙwayar dawa a faifai. Bai yi wa kowa kuka ba. Abu ɗaya yake roƙo bayan kowace salla, shi ne Allah ya nuna masa farin furen nan kafin duhu ya gama sauka. Rani ya zo ya wuce, wani ya sake zuwa, itaciyar ko toho na fure ba ta yi ba.

Ana cikin haka aka aiko daga Ruwan Bore cewa ƙanensa Garba ya faɗo daga kan rumbu ya karye a cinya, ga dawa zube a masussuka ba mai tsaya mata. Jatau ya ɗaura wa jaki akumari. Har ya kai ƙofar gida ya juyo ya dubi matarsa Hanatu.

"Ki kula mini da ta bayan rumbu."

"Kishiyar tawa?" Ta yi dariya. "Je ka, Malam, ba ta mutuwa a hannuna."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai taɓa zaunar da ita ya gaya mata yadda ake da itaciyar ba, don duk lokacin da ya fara maganar tukwanensa sai ta mai da abin wasa, shi kuwa ba mai yawan magana ba ne.

Bayan tafiyarsa ganyen itaciyar ya yi ruwan ɗorawa, ya zube ɗaya bayan ɗaya, rassan suka tsaya tsirara. Hankalin Hanatu ya tashi. Ita abin da ta sani tun gidan ubanta shi ne, duk shukar da ake so ta rayu da rani, wurin alwala ake kai ta. A can lallenta yake, a can ɗan zogalen gidan ya girma, ruwan alwala kuwa ruwa ne mai albarka. Ta cicciɓi tukunyar da ƙyar ta kai ta gefen dutsen da take zama, ta toshe hudar gindin da laka don kada ruwa ya tsiyaye a banza. Kowace salla itaciyar na shan rabonta. In an wanke hatsi ma, Hanatu ta kan ƙara mata da tsarin.

Jatau ya fi wata kafin ya dawo. Bai ko sauke wa jaki kaya ba ya zagaya bayan rumbu. Ya lalubi wurin, ba tukunya.

"Tana nan, Malam, zo ka gani," in ji Hanatu, tana murna. "Da na bar ta can da tuni ta bushe."

Ya tsuguna ya kai hannu. Ƙasar tukunyar caɓal. Ya latsa gindin da babban yatsa, yatsan ya nutse kamar a ruɓaɓɓiyar kabewa, wani wari ya taso. Ya zare yatsan ya goge a ƙasa.

"Mi ya faru?" ta tambaya.

"Ruwa ya kashe ta. Yawan ruwa kan kashe irinta."

"Ruwa? Malam, ruwa ka kashe icce?"

"Wagga ɗiyar dutse ce. Ruwanta na cikin cikinta, shi ya sa kika ga ya kumbura. Da damina take ɗiba. In rani ya yi ta zubar da ganye, ba mutuwa ta yi ba, barci take. Sai ƙishi ya kai mata iyaka take fure."

Hanatu ta zauna a kan dutsen alwalar, ta rafka tagumi. Can ta ce, "Shekara nawa muna gida ɗaya, ba ka taɓa gaya mini ba."

"Ba ki taɓa tambaya ba."

"Kai kuma bakinka ciwo yake?"

Ya yi ɗan murmushi, don maganar ta same shi. Ya ce ta kawo wuƙa.

Suka juye tukunyar a kan tsohuwar tabarma, suka zare itaciyar daga laka. Gefe guda na gindin ya yi baƙi. Jatau ya riƙe wuƙar, ya kai fuskarsa kusa, ya ja da baya, ya sake kaiwa. Bai iya ganin inda ruɓar ta tsaya ba. Ga shi kuma ruwan jikin itaciyar dafi ne, maharba da shi suke shafe kibiya, in ya fantsama a ido an gama.

"Ba ni nan," in ji Hanatu. "Kabewa nawa na ceto a gidan nan? Kai dai ka janye fuskarka."

Ta fara yanka a hankali, tana feƙe baƙin tana yarwa. Shi kuma yana tambaya.

"Mi kika gani?"

"Baƙi."

"Ƙara."

"Yanzu ja-ja, kamar goro."

"Ƙara dai."

"Malam, za ta ƙare fa."

"In kin bar ko kamar ƙwayar gero, zai cinye sauran."

Ta yi ta yanka har wuƙa ta kai ga farin nama mai tauri. Kusan rabin gindin ya tafi. Ta ɗebo toka mai sanyi daga murhu ta shafe ciwon, ta wanke hannu da ƙasa da ruwa sosai, sannan suka rataye itaciyar da igiya a ƙarƙashin rumbu, inda iska ke wucewa rana ba ta kaiwa. Da ciwon ya bushe ya yi ɓawo, Jatau ya aike ta rafi ta ɗebo yashi mai tsakuwa. Ta fasa lakar da ta toshe hudar tukunya da hannunta, suka mayar da itaciyar wurinta na da.

"Yanzu sai mi?"

"Yanzu sai ki ƙyale ta."

Wannan shi ne ya fi yi wa Hanatu wuya. Bazara ta kama, zafi kamar a gasa mutum. Kullum ta dawo daga rijiya da tulu a ka, sai ta bi ta bayan rumbu ta tsaya tana kallon rassan nan da suka yamutse kamar hannun tsohuwa. Jatau ba ya ganinta daga inuwar da yake tufka igiya, amma yana jin inda sawunta ya tsaya.

"Hanatu."

"Ban zuba ba!"

"Na ji tulun ya karkata."

"Wuyana ne ya gaji. Wallahi alhakin wagga baiwar Allah na kanka."

Buba ya biyo da shanunsa zai yi kudu neman ruwa, ya leƙa ya ga rabin gindi, ya riƙe baki. "Kaɗo, na ba ka amana ka yi miya da ita?"

"Tambayi uwargida."

"Ni na yanka, ni kuma zan yi jinya," in ji Hanatu daga madafa. "Ka wuce da shanunka kafin su ci mini zana."

A kwanakin nan idon Jatau na hagu ya rufe gaba ɗaya. Na dama ya rage, shi ma sai da safe, kafin rana ta yi ƙarfi, yake ɗan rarrabe abu. Ya daina zuwa bayan rumbu. Hanatu ta lura, sai ta mai da zuwan nata. Ita ce ta fara ganin wasu 'yan ƙulle-ƙulle a kan reshe ɗaya, ta yi shiru da bakinta, don kada ta sa masa rai su kakkaɓe.

Ran nan da hantsi bai gama ɗagawa ba, gajimaren farko na shekara sun fara taruwa a gabas, ta zo ta kama hannun rigarsa.

"Tashi, kishiyata na kiranka."

Ta kai shi har gaban tukunyar. Ya durƙusa. Ta juya masa kai yadda haske zai zo ta bayansa. Da farko hazo kawai yake gani, da duhun rumbu. Sai wani abu ya fito daga cikin hazon, a kan reshen da ko ganye babu, fari, a buɗe kamar bakin ƙaramar algaita. Ya matsa har numfashinsa na kaɗa shi.

"Fari ne," ya ce. "Ashe Buba bai yi ƙari ba."

"Ya yi ragi dai. Ba ka ga bakin ba? Akwai ɗan ja siriri ya zagaye shi, kamar an sa wa amarya lalle."

Ya ƙura ido har ya kawo ruwa. "Wannan bai zo mini ba."

"To, ka riƙe farin, ni na riƙe maka jan."

Ya daɗe a durƙushe. Da rana ta ɗaga, furen ya narke masa cikin haske, sai ya kai yatsa ya shafa reshen, ya ji wasu ƙullin a bayansa da ba su buɗe ba tukuna.

Hanatu ta dubi sauran tukwanen da ke jere, ta nuna ɗaya da ƙafa. "Wannan mai ƙayar fa, ita ma barci take, ko ta mutu?"

"Kawo hannunki," in ji Jatau. "Latsa nan, daga ƙasa. Gaya mini abin da kika ji."