Kifin Torvald

Ruwan rafi ke juya injin niƙan Ingegerd tun zamanin kakanta. Da dokar lafiyar ruwa ta iso ƙauyenmu, aka ce ko ta gina wa kifi hanya ta gefen madatsar da ke tara wa injin ruwa, ko a rushe madatsar. Ko gidanta ta sayar kuɗin ba za su isa ba. Sai dai hukuma kan ɗaga ƙafa idan tsadar aikin ta fi amfaninsa nesa ba kusa ba, wato idan babu wani kifin kirki a rafin.

Ranar da Saga, ma'aikaciyar hukumar, ta zo dubawa, ina zaune a kicin ɗin Ingegerd. Ta kawo mana gahawa da burodin kirfa. Sai ga Torvald, maƙwabcin Ingegerd, ba wanda ya kira shi.

"Kifi kike tambaya, 'yata?" in ji shi. "Ƙasan madatsar nan nake kamo masu tsawon hannuna. Kowace kaka ni ke ciyar da taron coci."

Saga ta ajiye kofinta. "Kowace kaka? To, in manyan kifaye na zuwa har nan suna neman haurawa, ba ni da bakin nema mata sassauci."

Ingegerd ta shiga goge teburin da ba abin da ya zuba a kai.

Torvald ya daɗe yana kallon burodi ɗaya da ya rage a faranti, wanda a wajenmu kunya ke hana kowa ɗauka. Shekara da shekaru da kifin nan aka san shi.

"A tafkin Vänern surukina ke kamo su," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ni ɗaukowa kawai nake a mota."

"Ai mun sani, tsohon banza," in ji Ingegerd. "Wa ya taɓa ganin takalminka a jiƙe?"

Saga ba ta yi dariya ba. Ta ce ba da maganar baki take aiki ba, za ta dawo da raga. Ta kuwa dawo, ba ta samu komai ba sai 'yan ƙananan da ba sa zuwa ko'ina. Aka bar wa Ingegerd madatsarta, da sharaɗin za a sake dubawa nan gaba.

Da kaka ta zagayo, Torvald ya zo taron coci da tukunyar dankali. Ba wanda ya tambaye shi kifi. Ingegerd ta zauna kusa da shi, ta tura masa burodin ƙarshe. Ya ɗauka.