Mikiyar Baba Ba Ta da Kambi

A ƙungiyarmu ta masu haɗa 'yan ƙananan tankokin yaƙi na roba, wadda ke taruwa ran Asabar da safe a ƙasan gidan al'adu na garinmu, kana iya zagin mutum ya yi dariya. Amma ka kuskura ka ce koren fentinsa ya yi haske, to kun ɓata ke nan har Kirsimeti. Ni kaɗai ce mace a cikinsu, kuma ni na fi kowa baki, in ka cire Zenon.

Zenon shi ne shugabanmu, tsohon likitan haƙori, kullum da gilashin ƙara girman abu rataye a wuyansa. Mahaifinsa da nawa duk 'yan Poland ne, Rashawa suka kwashe su zuwa Sibiriya suna samari, lokacin yaƙin duniya. Nasa ya samu rundunar Poland ta farko, wadda ta fita ta Iran ta je ta yi yaƙi a Italiya tare da Turawan Ingila, da mikiya mai kambi a hularsa. Da ya dawo gida, gwamnatin kwaminisanci ta ɗaure shi. Nawa kuwa, Baba Teofil, labarin sakin fursunoni bai iso dajin da yake saran itace da wuri ba. Kafin ya samu jirgin ƙasa ya iso, rundunar ta tafi. Sai ya shiga ta biyu, wadda ke ƙarƙashin Rashawa, don ita kaɗai ce hanyar gida. Tankokinsu kore ne irin na Rasha, da farar mikiyar Poland a jiki, amma an hana su yi mata kambi. Mutane suna ce mata kaza.

"Pani Leokadia, yaya kiwon kaji?" Gaisuwar da Zenon yake yi mini ke nan duk Asabar, da Pani ɗinsa na girmama mace, kamar yadda Pan yake ga namiji.

"Lafiya lau, Pan Zenon. Yaya motocin haya na Ingila?" Haka nake kiran tankokin rundunar mahaifinsa da yake haɗawa.

Shekarar da Baba ya haura tamanin aka ce za mu baje kayanmu a babban zaure ranar bikin gari. Na ɗaura aniyar haɗa tankarsa, T-34, daidai yadda take a watan Afrilun ƙarshe na yaƙi. Na sha wuya kan koren nan kafin ya fito yadda nake so, na zagaye kanta da farin layin da suka yi don kada jiragen abokai su jefa musu bam, na shafa mata taɓo a ƙafafu. Mikiyar ma da hannu na zana, da buroshi mai siririn baki. Burina ɗaya ne, Baba ya tsaya kusa da ita a gaban mutanen gari. Tun da mulki ya canza bai sake saka lambobin yabonsa ba, tun ranar da wani ya ce masa sojan Rasha a bakin coci.

Na ajiye masa ita kusa da kofin shayinsa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ture ta da yatsa.

"Ki yi mata kambi, Lodzia." Haka yake kirana a gida.

"Baba, taku ba ta da kambi."

"Na fi ki sani. Ki yi mata, ko kuwa ki je ke kaɗai. Ba zan tsaya a gaban jama'a ana yi mini kukan kaza ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni da na taɓa fita daga taro saboda wani ya sa lambar 1944 a tankar 1943! Amma ubana ne. Na ɗauki fentin zinariya na ɗiga wa mikiyar ɗan kambi.

Asabar ɗin da ta rage kafin biki na kai ta ƙungiya, na tura ta can ƙarshen tebur bayan motocin Jamus. A banza. Zenon ya ɗaga gilashinsa, ya sunkuya, sai na ga wuyansa ya yi ja.

"Wannan kuma wace irin ƙarya ce?"

"Ai ka huta. Kazar ta zama sarauniya, ba abin da kake so ba ke nan?"

"Ni na ce miki ina so? Wannan tanka ba ta taɓa sa kambi ba, kuma ba za ta hau teburina da shi ba. Ke fa, Leokadia! Da wani ne sai in ce bai sani ba."

Na gaya masa dalili, a taƙaice. Ya sa tankata a kwali, ya sa tasa Sherman, irin ta rundunar mahaifinsa, mai launin taɓo da dabbare-dabbaren baƙi a wani, ya ɗauki hularsa.

"Mu je gidanku."

Baba yana ɓare dankali a kicin muka shiga. Ya san ko ɗan wane ne Zenon, don haka ya miƙe tsaye kamar mai jiran hukunci. Zenon ya jera tankokin biyu a kan tebur, kafaɗa da kafaɗa, tsakanin kwanon dankali da gishiri.

"Pan Teofil, ni ba na son wannan tsuntsuwa, kowa ya sani. Mutanen da suka hana ta kambi su suka ɗaure mahaifina. Amma shi da bakinsa ya sha gaya mini cewa bambancinsa da ku jirgin ƙasa ne kawai, nasa ya zo, naku bai zo ba. In kuka sa mata kambi yau, kun ce ke nan ba ku yi yaƙin ba, wasu ne suka yi. To wa ya tuƙa wannan har Jamus? Ni?"

Baba ya koma ya zauna. Ya jawo tankar, ya karɓi gilashin Zenon ya duba ta sosai.

"Ta yi kyau da yawa," in ji shi.

"Me?" na ce.

"Mikiyarki. Tamu ba haka take ba. Ni na zana ta, da tsumma a bakin sanda, muna sauri. Fiffiken hagu ya gajarce, fentin kuma ya zubo ta ƙasan ƙafarta. Kwamandanmu ya ce ko kazar kirki ba ta kai ba." Ya yi 'yar dariya, irin wadda na manta yana da ita. "Staszek mai loda harsashi yakan shafa ta kafin mu shiga wuta. A bakin kogin Nysa muka binne shi."

Baba ya ɗauki wuƙar dankalin, ya sa bakinta a kan ɗigon zinariyar nan, ya kankare shi. Ya ɗan yagi koren ma, na ji kamar fatata aka yaga.

"Ɗauko buroshinki," ya ce. "Zan nuna miki inda ya zubo."

Haka na zauna na lalata mikiyar da na fi alfahari da ita a duk rayuwata. Baba yana cewa ƙara nan, rage can, Zenon yana leƙe ta kafaɗata yana gardama wai zubar fentin ta yi kauri in aka auna da girman tankar. Baba ya ce masa, "Kana wurin?" Zenon ya ja da baya ya bar gardamar, abin da ban taɓa gani ba.

Ranar biki Baba ya sa baƙar kwat ɗinsa. Da muka kai ƙofa ya ce in jira, ya koma ciki, ya fito da lambobinsa a ƙirji, a karkace, don shi ya maƙala da kansa. Zenon ya sa tankokin biyu a teburin gaba, inda kowa zai fara gani.

Zaure ya cika. Can sai ga wani mutum mai ƙaton ciki, da matarsa a gefe, ya sunkuya ya duba, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Kai, har da kaza aka kawo? Kuma dubi yadda aka zana ta, fiffike ɗaya guntu. Wane makaho ne ya yi wannan?"

Na buɗe baki, don amsata a shirye take kuma ba mai daɗi ba ce. Baba ya dafa hannuna. Ya matsa gaba da sandarsa, ya miƙe har lambobin suka yi ƙara.

"Ni ne," ya ce. "Ina da shekara goma sha tara. Da ita na dawo gida."