Luguden Haulatu

A wani ƙauye kusa da Zango akwai gidan Malam Lawal, manomin gero da gyaɗa. Gida ne mai rufin asiri, da rumbu biyu da awaki, da turmin kirya wanda ya girmi duk yaran gidan. Akwai matarsa Zuwaira, da tsohuwarsa Iya Ummukulsum, da ɗansa Sabiru da matarsa Fadila, sai 'yar auta Haulatu. Abin da gidan ya rasa shi ne hanyar kiran Haulatu daga nesa. Tana ƙarama sanƙarau ya kwantar da ita, ta tashi da ranta, amma jinta ya tafi, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Magana kam ba ta ɓace mata ba, da yake ta iya tun kafin ciwon. In ana son ta, sai an taɓa kafaɗarta.

Ita kuwa Haulatu, abin da ta rasa lugude ne. Mata uku kan tsaya a kan turmi ɗaya, tabare na shiga suna fita bi da bi, wata na waƙa. In waƙar ta kai gaɓa sai a cilla tabarya sama, a tafa, a cafe. Haulatu ta iya daka ita kaɗai, har ta fi sa'o'inta ƙarfi, kuma tana jin bugun a tafin ƙafarta. Amma waƙar ce ke faɗa wa mata lokacin cillawa. Sau ɗaya ta gwada, tabaryarta ta fasa wa wata maƙwabciya yatsa. Tun daga nan, duk sanda aka kafa turmi sai a miƙa mata faifai a ce ta je ta yi bakace.

Da ta shekara goma sha biyu, Sabiru ya kai ta asibiti a Katsina. Aka gwada ta, aka ba ta na'urar ji guda biyu, kowace kamar ɓawon gyaɗa, ana maƙala ta a bayan kunne. Ma'aikaciyar ta ce a riƙa sa mata kullum. Sabiru ya isar da saƙo, amma da Zuwaira ta juya su a tafin hannunta sai ta girgiza kai.

"Abin da aka je har Katsina aka samo, shi za a bari cikin ƙura da dusa?"

Ta naɗe su a ƙyalle, ta sa a kwalla tare da 'yan kunnenta na aure. Ba a fito da su sai ranar Juma'a, ko in an yi baƙi.

Juma'a ta zama ranar azaba. Da an sa mata su, duniya sai ta faɗo mata gaba ɗaya. Hijabinta na gogar kunnenta kamar ana jan kwano a ƙasa, zakara da cokali da kukan jaki duk ƙarfinsu ɗaya. Baƙi kuma su sunkuyo su daka mata tsawa: "Haulatu, kina ji na?" Kafin azahar kanta na sarawa, tana kuka a cire. Zuwaira ta ce abin bai karɓe ta ba.

Ana haka cikin Fadila ya tsufa. A danginsu, ƙanwar uban jariri ce ke fara sa tabarya a dakan suna, kuma da ita ake luguden farko. Wata rana Haulatu ta ga leɓen innarta Zuwaira na cewa za a kira Raihana, 'yar baffanta ta garin Babban Mutum, ta tsaya a madadinta. Ta ajiye tsintsiya ta shige ɗakin Iya.

Iya na zura zare a allura, tabarau a kan karan hanci. Ta ɗago fuska sosai don yarinyar ta ga bakinta.

"Wa ya taɓa min ƙawa?"

"Iya, ɗan yayana ne. Ni ce gwaggonsa, ba Raihana ba."

"To, gwaggo, ina 'yan rediyonki?"

"Suna kwalla. Ba na son su, ihu kawai suke yi."

Iya ta cire tabarau ta dube shi, ta ƙwala wa surukarta kira.

"Uwar Sabiru, ungo, sa min wannan a kwalla. Ki riƙa ba ni ranar Juma'a."

"Haba Iya, da me za ki yi ɗinki?"

"Ita da me za ta ji? Ranar da aka ba ni wannan, ƙasa na ga tana tasowa, har na yi tuntuɓe da akuya. Da na ɓoye shi, da har yau ina tuntuɓe. Kayan Sallah daban, takalmin zuwa rijiya daban."

"Idan suka lalace fa, Iya?"

"Su lalace a kunnenta. Ya fi su yi kyau a kwalla."

Washegari aka fara. Kullum da hantsi Iya kan zaunar da ita a ƙofar ɗaki, ta maƙala mata na'urorin, ta sa ta rufe ido.

"Mene ne wannan?"

"Guga a rijiya."

"Wannan fa?"

"Akuya."

"Ja'ira, yayanki ne ke hamma."

Akwai ranakun da ta fizge su tun kafin rana ta take, ta kifa kai a cinyar Iya. Iya ba ta yi mata faɗa, sai dai gobe ta ce a ƙara kaɗan. Suka gano in ta ɗaura ɗankwali sama da kunne, gogar nan na raguwa. A hankali ƙararrakin suka fara rabuwa, kowace ta koma wurinta, na nesa nesa, na kusa kusa. Daga nan Iya ta koma bayanta da waƙar daka, inda ba za ta ga baki ba, Haulatu na bugun turmi. Ta yi ta kuskure, tabarya na faɗuwa ƙasa, kaji na watsewa. Har Zuwaira ta fara barin girki tana zuwa ta zama ta biyu a turmin.

Fadila ta sauka lafiya, namiji. Ana gobe suna, gidan ya cika da mata tun safe. Aka zuba gero, Zuwaira da Raihana suka ɗauki tabare. Maƙwabciyar nan mai yatsa ta ja da baya tana cewa, "Ni dai ina daga nan."

Haulatu ta yi bismilla, ta sa tabaryar farko. Iya ta ɗauki waƙa daga kan tabarmarta. Bugu ya daidaita, uku-uku, ƙasa na amsawa. Gaɓa ta zo, Haulatu ta cilla, ta tafa, ta cafe. Sai wata tsohuwa, don murna, ta matso dab da ƙeyarta ta rangaɗa guɗa.

Ƙarar ta shiga kanta kamar tsinke. Hannunta ya so ya tafi kunne, ga tabarya na hanyar sauka. Ta cije leɓe. A ƙarƙashin guɗar, da surutun mata, da kukan jariri, ta nemi muryar Iya, ta same ta, siririya, tana tafe a kan gaɓarta. Ta bi ta. Ta sake cillawa, wannan karon ta tafa sau biyu kafin ta cafe.

Tsakar gida ta kaure da shewa. Zuwaira ta tsaya kallon 'yarta baki buɗe, har tabaryarta ta rasa layi ta bugi gefen turmi.

"Uwar Sabiru," in ji Iya, "ko a ara miki guda ɗaya?"

Zuwaira na dariya tana share ido da bakin zane. Haulatu ma ta yi dariya, don ta ji maganar sarai, alhali Iya na bayanta. Ba ta saki tabarya ba sai da geron ya yi laushi. A ranar ta gane cewa ji ma aiki ne da ake koyo kamar daka, kuma ita ta koya.