Murfin Kwalba

"Matso da ita nan in gani," in ji Baba mai gyaran agogo, yana haki.

Na miƙa masa kwalbar. Maƙesu bakwai ne a ciki, ƙwarin nan masu kunna wuta a gindi. A ciyawar bayan gidanmu na kamo su da magariba. Shekarata tara a lokacin, kuma duk layinmu ba wanda ya kai ni iya kamu, har mazan masu cika baki. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da Baba. Wata biyu ke nan ciwon ƙirji ya kwantar da shi, agogunan mutane na jere a kan teburinsa, rabi duk sun tsaya.

Ya juya kwalbar, hasken ya sauka a kan yatsunsa. Sai ya shafa murfin.

"Ke 'yar nan, ba ki huda musu ba? Da me za su yi numfashi?"

"Ai ƙwari ne kawai, Baba."

"Haka ni ma nake cewa da ina kamarki." Tari ya sarƙe shi, matarsa ta tallabo shi ta ba shi ruwa. Da ya lafa ya ce, "Ni za ki tambaya yadda rashin iska yake. Ki sake su kafin ki kwanta. Kin yi alkawari?"

"Na yi."

Ban sake su ba. So nake yayana ya gani da idonsa da safe, shi da ya rantse ba zan wuce biyar ba. Na cusa kwalbar a ƙarƙashin gado, na yi barcina.

Kukan matar Baba ne ya tashe mu da asuba. Mama ta shiga gidan, ta dawo tana share ido da bakin mayafi.

"Numfashi ne ya gagare shi," ta ce. "Allah ya jiƙansa."

Na janyo kwalbar. Duk bakwai ɗin na kwance, ƙafafu a sama, ba mai motsi. Na san rai a hannun Allah yake, an koya mana. Amma ranar na tabbata ni na toshe wa Baba iska, kuma har yau ban gaya wa kowa ba.

Da hantsi aka fito da shi. Mama na ta ƙwala mini kira in miƙa tabarma. Ina tsugune a bayan ƙofa da ƙusa da dutse, ina huda murfin ɗaya bayan ɗaya, har bakwai.